Fentin Da Ya Cinye Mana Sabuwar Makaranta

"Ni ne nan! Idan ban kawo wa makarantar nan sabon gini ba, ku canza mini suna!"

Mai wannan cika-baki shi ne shugaban 'yar sakandarenmu ta gwamnati, wanda malamai ke kira Malam Na-Iya a bayan idonsa. Abokina, da ka ga makarantar da ka tausaya mana. Bango ya tsage har ɗan aji ɗaya na miƙa wa ɗan aji biyu biro ta ciki. In ana ruwan sama, bokitai sun fi ɗalibai halartar aji. Sai ga labari cewa kwamiti na tafe daga ma'aikatar ilimi, za a zaɓi makarantar da ta fi lalacewa a rushe, a gina sabuwa mai bene. Gogan naka har ya fara tambayar farashin kujera mai juyawa.

To, shi abu ɗaya ya iya a duniya: in baƙi za su zo daga ma'aikata, a rufa asiri. Da haka ya samu duk ƙarin girmansa. Nan take ya tara mu ya ce a sayo siminti da fenti.

"Ranka ya daɗe," in ji malamar lissafi, "ai lalacewar za su zo gani. Mu bar musu ita yadda take."

"Malama, tsaya ga lissafinki! So kike a ce kango nake shugabanta? Mai tsafta gwamnati ke yi wa kyauta."

Ya kira surukinsa magini ya toshe tsagar, aka lafta fenti. Ya aro bencina daga firamaren da ke kusa, ƙartin 'yan ajin ƙarshe suka zauna gwiwa na dukan haɓa. Aka kulle bokitai a sito. Rabin ɗalibai kuwa ya ce su huta a gida, kada a ga cunkoso.

Shugabar kwamiti ta iso, wata dattijuwa mai tabarau. Na-Iya ya shige gaba yana baza riga.

"An ce mana bangonku ya tsage."

"Sharrin maƙiya ne, ranki ya daɗe!"

"Rufin fa, yana yoyo?"

"Ko ɗigo!"

"Yara ba sa zama a ƙasa?"

"A makarantata? Dubi bencina, har da saura!"

Dattijuwar ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Ka sauƙaƙa mana aiki. Makarantar ƙetaren titi za a ba sabon ginin, su ko allo ba su da shi."

Murmushin Na-Iya ya bushe a fuskarsa. Mu kuwa malamai, muka bi shi da harara. Sai ya yi wuf ya sha gabanta.

"Ranki ya daɗe, tsaya! Wallahi duk ƙarya ce! Bencinan aro ne! Bangon nan ko tari kika yi faɗuwa zai yi, duba ki gani!"

Ya ja da baya, ya tattare riga, ya kai wa bango shuri iya ƙarfinsa. Ashe surukin nasa bai yi ha'incin siminti ba. Sai ga shugaba guda yana tsalle da ƙafa ɗaya, riƙe da babban yatsa, ɗalibai na leƙe ta taga suna sheƙa dariya.

Dattijuwar ta shafa bangon. "Ka gani? Ko gezau. Kwantar da hankalinka, Malam. Tunda ka iya riƙon tsohon gini haka, zan roƙi ma'aikata kada a ɗaga ka daga nan har ka yi ritaya."