Injiniya Hashimu da Waifai ɗin Hajiya Lantana

Wani mutum ne a garinmu, Hashimu, wanda ya naɗa wa kansa Injiniya ba tare da ya wahalar da wata makaranta ba. A faɗarsa, babu waifai ɗin da zai gagare shi shiga. Idan ya wuce ta gaban banki, wai na'urorin ciki har rawar ɗari suke yi.

Hajiya Lantana kuwa tana da masaukin baƙi a bayan duwatsu, inda waya ba ta samun sabis ko an ɗaga ta sama. Shi ya sa ta kafa waifai, intanet mara igiya mai kalmar sirri. Da ta ji ana cewa ɓarayin intanet na shiga irin wannan, sai ta nemi wanda zai gwada mata tsaronsa, in ya iya kuma ta damƙa masa kula da shi dindindin. Hashimu ya daɗe yana neman aiki mai kujera. Ya iso da hantsi, da jaka, da baƙin tabarau.

"Bari in gaya maka kalmar sirrin," in ji Hajiya.

Caraf ya cusa yatsu a kunne. "Subhanallahi! Hajiya, zagi ne wannan. Ni ake gaya wa? Ni ne zan gaya miki. Idan kika ji na tambaya, ki ba wani aikin."

"To," in ji ta. Ta ja kujera ta zauna. Baƙi da ma'aikata suka kewaye shi.

Ya buɗe kwamfuta, ya soka wata 'yar na'ura mai dogon eriya, wadda ya saya shekaranjiya bai taɓa gwadawa ba. Ya buga ƙwas ƙwas ƙwas. Shiru. Kwamfutar ta ce ba ta ga wata na'ura ba.

Ya zare, ya hura mata iska, ya mayar. Shiru. Ya canza rami. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya miƙe eriyar, ya kwantar da ita, ya juya ta gabas.

"Lafiya, Injiniya?" in ji Hajiya.

"Lafiya lau. Fankar nan ce take yanka sigina."

Aka kashe fanka.

"Firij ma."

Aka kashe firij. Ya ce wayoyin jama'a na yi masa cunkoso. Aka tattara su a faranti aka kai kicin. Har wani baƙo mai haƙorin Makka sai da Hashimu ya ce masa ya ɗan matsa baya. Mutumin ya matsa, ya rufe baki.

Zufa ta jiƙe kowa sharkaf. Can sai kwamfutar ta tausaya masa ta faɗi ciwonta: na'urar ba za ta motsa ba sai an sauko mata da wata 'yar manhaja daga intanet.

Hashimu ya karanta. Ya cire tabarau ya sake karantawa. Ya laluba wayarsa a aljihu, wadda ya hana a kai kicin. Sabis ko ɗigo. Intanet ɗaya ne tak a bayan duwatsun nan, shi ne wanda ya zo fasawa.

Ya gyara murya. "Hajiya, don cika ƙa'ida kawai, kalmar nan doguwa ce ko gajera?"

"Daidai take."

"Da sunan yaro ta fara, ko na marigayi Alhaji mijinki?"

"Kai za ka gaya mini."

Ya duba ƙofa, jama'a sun cika ta. Ya duba taga, da ƙarfe. Sai ya rarrafo da kujerarsa, ƙiii, har gefen Hajiya, ya yi ƙasa da murya ya yi mata bayani tiryan-tiryan: aro kawai zai yi, ya sauko da manhajar, ya manta da kalmar, sannan ya fasa.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai. Ta ce da ƙarfi, yadda na kicin ma za su ji:

"Wato in ba ka mukulli, ka shiga ɗakina ka ɗauko guduma, ka fito, in kulle, sannan ka ɓalle ƙofar?"

"Kusan haka ne, ranki ya daɗe. Ki taimaka ki faɗa mini a hankali."

Hajiya ta ce a kunna fanka. Sannan ta gyara mayafi, ta dube shi, ta cusa yatsu a kunne.