Almakashin Mai Girma

Jiya da hantsi naƙuda ta kama 'yata ta fari, haihuwar fari kuma, mijinta yana bakin aiki a wani gari. Ban tsorata ba. Ai allon da ke bakin titinmu ya daɗe yana sanar da mu cewa birninmu ne ya fi ko'ina daɗin haihuwa, ga hoton Mai Girma Uban Ayyuka yana murmushi, rungume da jaririn wasu.

Maƙwabcina Mai Tasi ya ce man da ke motarsa zai kai mu sabon ɗakin haihuwa amma ba zai dawo da mu ba. Uwargida ta ce, "Kai mu dai, dawowa ta Allah ce."

Muka isa muka tarar da rumfuna da kujeru da lasifika, ga jan ƙyalle an ɗaure a ƙofa. Ashe tun bara aka gama ginin, jiyan ne Mai Girma ya samu sukunin zuwa buɗewa. Wani mai kwat da baje a ƙirji ya tare mu.

"Baba, ba a shiga sai an yanke ƙyalle."

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan naƙuda take."

"To ta ɗan daure mana, ya kusa tasowa."

Na leƙa mota na isar wa 'yata da saƙon hukuma. Amsar da ta bayar ba ta shiga jarida. Na ga leɓenta ya bushe, ta damƙe hannun uwarta tana kiran sunan Allah. Gaskiya nan na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba.

Ungozoma tana cikin ma'aikatan da aka jera da sababbin fararen kaya domin tafi. Da ta ji ihun sai ta fasa layi ta faɗa bayan tasi, Uwargida ta kare taga da mayafinta. Shi kuwa jikana, da yake bai san tsarin gwamnati ba, bai jira jawabin maraba ba.

Ungozoma ta leƙo ta ce a miƙo almakashi. Aka yi cirko-cirko. Kayan aiki, in ji mai kwat, suna cikin kashi na biyu na kwangila. Almakashi ɗaya ne a duk harabar, yana kan faranti bisa farin tawul, yana ƙyalli.

"Wannan na Mai Girma ne!" in ji mai kwat.

Uwargida ta ce, "Matsa, ɗan nan, kafin in haɗa da kunnenka." Shekara da shekaru ina zaune da matar nan, na san lokacin da ba wasa take ba. Shi ma ya gane. Ungozoma ta tsoma almakashin a butar Mai Shayi da ke tafasa a bakin ƙofa, aka yanke cibiya, yaro ya canyara kuka, uwa ta buɗe ido ta nemi ruwa. Na zauna a kujerar manyan baƙi na share hawaye.

Da la'asar Mai Girma ya iso, aka goge almakashi aka miƙa masa, ya yanke, aka tafa. Na leƙa ta ƙofar: fenti ya yi kyau ƙwarai, babu gado ko ɗaya.

Saboda haka masu tambayata abin da ke sa birni ya yi daɗin haihuwa, ga shi: maƙwabci mai ragowar mai, ungozoma mai fasa layi, da suruka ko uwa wadda ba ta tsoron kwat. Sauran duk a kan allo suke.

Yanzu an ce za a kafa kwamiti ya binciki yadda aka taɓa kayan hukuma ba da izini ba. Ina jiransu, zan ba da haɗin kai. Abin da kawai zan roƙa su rubuta shi ne, tunda aka sayi almakashin nan yake yawon yanke-yanke, jiya ne karon farko da ya yanka aka samu wani abu a ɗaya gefen.