Ranar da Na Kai Goggo Taron Tsimi

Jiya saura ƙiris a kore ni daga aiki, kuma ba kowa ya ja mini ba sai Goggona, ƙanwar mahaifina da ta goye ni. Har yanzu in na tuna, dariya nake yi.

Goggo ita ce matar da ke tsaga ashana gida biyu da reza. Guntayen sabulu ba ta zubarwa, dunƙule su take yi, ka ga sabulu ɗaya mai launi biyar. Leda kuwa wankewa take yi ta shanya a igiya kamar kayan jariri. Can baya, lokacin da albashi ke raka mutum har ƙarshen wata, ni da maiɗakina mun sha yi mata dariya a bayan ido. Yanzu maiɗakin nan tawa, da karatunta da komai, ita ke durƙusawa tana cewa, "Goggo, ƙara nuna mini yadda ake farke robar man goge baki."

To, ma'aikatar da nake aikin jera fayil ta shirya gagarumin taro don koya wa talaka tsimi da tanadi. Allah ya saka wa manyanmu da alheri, sun gano cewa mun daɗe muna almubazzaranci da abin da ba mu da shi. Shugaban sashenmu ya ce ana neman tsohuwa ɗaya da za ta zauna a gaba, a ɗauke ta hoto, ta yi shiru. Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na ce ina da ita.

Aka kama babban zaure a otal. Rana tsaka, an ja labule ruf, an kunna fitilu sun fi ɗari, na'urorin sanyi suna ta gurnani har haƙorana na haɗuwa. Mai Girma Babban Yallaɓai ya iso bayan awa biyu da motoci goma sha ɗaya. Direbanmu ya rantse mini ɗaya daga ciki jawabin kawai ta ɗauko.

Yallaɓai ya gyara murya ya fara: "Jama'a, lokaci ya yi da kowa zai rage ɓarna."

Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kai, me ya faɗi ake nema da wannan uban fitilu?"

Na ce, "Goggo, ki rufa mini asiri, a nan nake cin abinci."

Ta miƙe. Na ɗauka banɗaki za ta. Ashe tun shigowarmu idonta na kan makunnan da ke jikin bango. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas. Na ƙarshen na lasifika ne. Zaure ya yi duhu, aka bar Yallaɓai yana motsa baki babu sauti. Da ɗan hasken wayoyi na hango Shugaban sashenmu yana nuna ni da yatsa, sannan ya nuna ƙofa. Nan take na fara tunanin ko har yanzu ƙafata za ta iya tura baro.

Kafin masu gadi su lalubo ta, Goggo ta yaye labulen. Rana ta kwararo ciki, har ƙurar da ke kan hular wani babban baƙo sai da muka gani. Ta dubi Yallaɓai ta ce, "Ci gaba da karatunka, ɗan nan, ga haske kyauta." Ta matsa ta leƙa takardun hannunsa. "Af, bayansu ma fari ne. In ka gama ka ba ni, jikokina su yi aikin makaranta."

Can wata 'yar jarida ta fara tafi, sauran suka kama.

Ku daina raina manyanmu, ba a banza suke zama manya ba. Yallaɓai ya dubi kyamarori, ya washe baki, ya ɗaga murya ya ce, "Kun gani? Wannan duk cikin shirinmu ne. Mun so ku ga darasin da idonku." Zaure ya ɗauki tafi. Shugaban sashenmu ya ratso mutane ya kama hannuna yana girgizawa, yana shaida wa na kusa da shi cewa shi ya zaƙulo tsohuwar da kansa.

Nan take Yallaɓai ya kafa kwamitin mutum ashirin da zai tafi ƙasashen waje ya nazarci dabarun Goggo.

Ta ce, "Ai ina gida kullum, ban da ranar kasuwa."

Ba wanda ya ji ta, an riga an fara rubuta sunayen masu tafiya.

Da aka watse, ta sa na bi tebura ina tattara robobin ruwan da aka kurɓa aka bari. Ni, da kwat ɗina. Sannan ta tsaya kan ma'aikatan otal sai da suka kwance mata katafaren ƙyallen da ke ɗauke da hoton Yallaɓai, tunda sun ce shara za a kai shi. Na naɗe shi na saɓa a kafaɗa har gida.

Yau da safe ruwan sama ya sauka, na leƙa tsakar gida. Goggo ta rufe akurkin kajinta da ƙyallen, Yallaɓai yana kallon sama yana murmushi, ruwa na dukansa, kaji a ƙarƙashinsa ko ɗigo bai taɓa su ba. Shekara takwas ina aiki a ƙarƙashin bawan Allahn nan, yau ne na fara ganin waɗanda suka amfana da shi. Don Allah kada ku gaya wa kwamiti, sai su ce za su zo ƙaddamarwa.