Kisan Tagwayen Ɗakin Sanyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai cike da tsami, ni Salamatu mai shara a Rediyo Zangarniya ta Filinge, matar marigayi Magagi mai gurumi, nike sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Tabla, Damana da duk ƙasar Kurfai rasuwar ɗiyata Hasana, wadda masu lakkwal, wato 'yan boko, ke kira sarba, na'urar da ke ajiye sautin rediyo, tare da 'yar uwar tagwaicinta Husaina. Ba ciwo ya ɗauke su ba. Kashe su anka yi da rana kata, kuma duk wanda ya sa hannu na san shi har kakanshi.

Marigayiya ta iso daga Yamai bara bayan girbi, sa'ad da rediyo ta koma sabon gini. Ibrah teknisiyan shi ya yi mata jere. Ya kafa armuwar, wato kabad na ƙarfe mai ƙofar gilashi, ya zaunar da ita ciki, ya kitse mata wayoyi ta baya tsaf kamar kan amarya, ya sa mata kilim mai hura sanyi dare da rana. Ko Mushe Yahaya direkta ba a yi mishi ɗaki irin nata ba, kuma abin ya tsaya mishi a rai, na gani a fuskarshi. Daga nan Ibrah ya juye mata duk tsofaffin kaset na rediyo: waƙoƙin biki, gaisuwar 'yan ci-rani, wa'azi, da gurumin mijina. Kaset ɗin kuwa anka rabar wa manoma, sunka zare zaren, sunka ɗaura a gonaki don korar tsuntsaye.

Husaina 'yar ƙaramar na'urar ajiyar kwafi ce, baƙa, ba ta fi sandar sabulu ba. Duk abin da Hasana ta haɗiya, ita ma sai an ɗura mata. Ni na raɗa musu suna. Ibrah ya yi gargaɗi har da ɗaga yatsa cewa kada a bar su su kwana ɗaki guda, don in masifa ta sami ɗaya, ɗaya ta tsira. Saboda haka Husaina ta zauna gidan direkta, ana kawo ta ran Juma'a ta sha, a mai da ta.

Hasana mutuniyar kirki ce. Ba ta taɓa ɗaga murya ga kowa ba, sai dai "hmmmmm" ƙasa-ƙasa kamar tsohuwa mai jan carbi, idanunta kore suna ƙyaftawa. Ta sanyaya mini fura tsawon bazara ba ta taɓa kai ƙara ba. Ta bar ni na miƙe ƙafa gefenta bayan azahar, daidai bangon da ke jin duk wayar da direkta ke bugawa in ya rufe ƙofa. Abin da munka ji tare, ita ta tafi da shi kabari. Ni ban da irin haƙurinta.

Amma babban alherinta shi ne na Alhamis. Bayan la'asar sai ta buɗe baki, Magagi ya fito. Da fari tarin nan nashi, "ƙyah, ƙyah", sannan gurumi, sannan waƙar huɗa. A tsakar gidanmu anka ɗauki waƙar, shi ya sa tsakiyarta yakan tsaya ya daka tsawa: "Salamatu, kore akuyar nan!" Kowace Alhamis duk Kurfai na jin ana aike na, yara na bi na da ita har kasuwa. Ni kuwa in ajiye tsintsiya in amsa mishi yadda na saba, da baƙar magana. Wanda bai binne miji ba, ba shi gane daɗin wannan faɗa.

Ajali ya faro daga kunama. Ta harbi Sa'adiyya matar direkta a yatsa, cikin aljihun rigar mijinta. Abin da yatsa ke nema can, ba wurin faɗinshi ba ne nan. Bayan kwana kaɗan wata ta sake harbin ta a gado. Matan unguwa sunka taru sunka gano kan zance: an raba tagwaye, kuma kowa ya san tagwaye in sun yi fushi kunama suke turowa. Anka tambaye ni don ni ma na haifi 'yan biyu. Ban ƙara ko gishiri ba, abin da kakata ta faɗa shi na faɗa. Sa'adiyya ta ɗauko Husaina da bakin zane ta dire ta bisa kan 'yar uwarta, direkta na kallo bai hana ba. Ibrah shina Baleyara wajen bikin ƙanwarshi.

Ran Alhamis, zafi kamar a toya ƙwai bisa dakali, Magagi ya fara gurumi, na shiga ɗauko furata. Sai ga gamsheƙa, baƙa wuluk, ta biyo ramin wayoyi ta naɗe bayan Hasana tana shan sanyin da ba da ita anka saye ba. Na kurma ihu. Wa ba ya yi?

Tahiru gardi, mai gadin rediyo, ya shigo da gora. Gamsheƙa ta fasa kai ta tofa mishi dafi a ido. Daga nan bai ƙara ganin komi ba, amma hannunshi bai tsaya ba. Bugun fari ya tarwatsa gilashi, na biyu ya sauka a goshin Hasana. Kabiru mahauci ya tsallako hanya da gatarin sarar ƙashi, ya shiga datse wayoyi ɗai-ɗai, wai kowace baƙar igiya wutsiya ce. Matan maƙwabta sunka zo da taɓare. Direkta da kanshi ya cicciɓo bulo ya jefa daga bakin ƙofa, kuma ban ga shina saitin maciji ba. Wata baiwar Allah ta sheƙa tafasasshen ruwan tuwo cikin armuwar. Wuta ta yi tartsatsi, ɗaki ya cika da hayaƙi da ƙaurin roba da kabbara. Na faɗa bisa ɗiyata ina roƙon su, taɓarya ta same ni a kafaɗa. Husaina ta gangaro ƙasa, anka yi mata dakan sakwara uku-uku, ana cewa ga kan nan.

Masu rediyo a kunne, daga nan har Damana, sun shaida ƙarshen. Sun ji gurumi ya tsaya. Sun ji: "Salamatu, kore..." Sai shiru. Ni da ke wurin na ji sauran: "tit... tit... tiiiit." Idanun kore sunka mutu.

Ibrah ya dawo ya zauna cikin tarkace, ya tattara cikin Hasana a tafin hannu, ya tattara na Husaina, duk sun koma tsingaro. Da ya ji dalilin da anka haɗa su ɗaki guda, ya dube ni ya daɗe. Ni ma na dube shi. Tun ranar dai kunama ba ta sake harbin kowa ba.

Marigayan sun bar kilim, wadda har yanzu ke hura sanyi ga ɗakin da babu kowa. Sun bar Tahiru, ana ɗiga mishi nono a ido, shina ba da labarin jaruntakarshi. Sun bar direkta, wanda tuni ya aika a auna ɗakin ko teburinshi na shiga. Sun bar gamsheƙa, wadda ta fice ta ramin da ta shigo ko ƙwarzane babu. Sun bar ni.

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi, bayan ginin rediyo, gindin gawo. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na yarda. Wanka ma babu, sun sha ruwan da ya ishe su. Rami guda za a sa su, tunda yanzu ba mai hanawa. Masu zuwa su bar gora da taɓarya a gida.

Zaman makoki a gidana. Kada kowa ya kawo gero ko goro. Wanda ya taɓa ɗaukar waƙar Alhamis a wayarshi, shi zo da wayar. Wanda ke da zaren kaset a gonarshi, shi kwance shi a hankali, kada shi ja, shi kawo mini ko kamu ɗaya ne, Ibrah ya ce shina gwada liƙawa. Magagi na can wata gona rataye a kara, iska na kaɗa shi, shina korar tsuntsayen wani. Ku dawo mini da shi shi ƙarasa maganarshi. Akuyar ta daɗe da shiga tukunya, amma zan tashi in kore ta.