Rasuwar Ɗan Jamus, Madubin Duba Jini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ƙin rufuwa, ni Malam Isiyaku mai gwajin jini na unguwar Sheshe nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar madubin aikina, makiroskof ɗin da unguwa ta sani da Ɗan Jamus. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara talatin da huɗu a hannuna.

Marigayin mai haƙuri ne da ƙana'a. Bai taɓa neman wutar lantarki ba, taga kawai nake buɗe masa ya ɗebi rana. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko a bayan uwarta ta ɓuya sai ya tono ta. Maganarsa biyu ce duk rayuwarsa: “ƙiii” in an murɗa shi, da “tsas” in ya fasa gilashin jini.

Wannan amanar ce ta ja ni. Da 'yata Dakta Turai ta dawo daga karatu da sabuwar na'ura, mai ɗaukar hoton jini ta haska a allon kwamfuta, ta ƙirga ƙwayoyin kafin shayi ya huce, sai na rantse a gaban 'yan majalisarmu cewa muddin Ɗan Jamus na da rai ba zan kalli allo ba. Baki shi ke yanka wuya. Shekara biyu ke nan idona yana hazo, in na leƙa sai in ga kamar kunu, in ɗora wa marigayi laifi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kada wata rana in sallami mai ciwo da cewa lafiyarsa ƙalau. Ya zama ko in rufe shago, ko in karya rantsuwata a gaban mutanen Sheshe.

Ajalinsa a kwalba ya zo. Man da ake ɗiga wa gilashi ya ƙare, na dubi turaren da Alhaji Ibrahim maƙwabcina ya kawo mini tsaraba, na ce mai ai mai ne. Cikin kwana uku turaren ya narkar da ƙaron da ke riƙe da idonsa. Ya makance yana ƙamshi kamar ango. Turai ta ce, “Baba, tsakaninka da Allah, kuskure ne?” Na ce mata ba a tuhumar mai makoki.

Ya bar gilasai ɗari biyu, da akwatin katako, da ni. Jiya na zauna gaban allon Turai, na ga ƙwayar cutar da nake farauta tun ina saurayi ta fito ɓaro-ɓaro, girman goro. Har ɗanyen jini ta sa mini, na ga wata tana motsi. Na yi ta dariya, masu zuwa ta'aziyya suka tsaya a zaure suna kallon juna.

Za a yi masa sutura da farar shadda ranar Alhamis bayan la'asar, a kai shi makwancinsa a saman kabad ɗin mai ɗakina, Hajiya Asibi. Zaman makoki a ƙofar shago, akwai alkaki da shayi. Roƙona ɗaya ne. Salihu mai gyaran agogo na Dukawuya yana yawo yana cewa suma marigayin ya yi, wai shi zai tashe shi. Don Allah duk wanda ya hango shi da jakarsa, ya tare shi a bakin lungu. Gawa tawa ce, kuma na ce ta mutu.