Kakata 'Yar Shekara Biyu

Masu karatu, ku yi haƙuri da ni, wannan ne rubutuna na farko da ba malami zai duba ba, sau uku ina gogewa. Amma jiya an mayar da kakata 'yar shekara biyu, dole in yi magana.

Wata uku muna jiran tabaran kyauta da Kwamitin Jin Ƙan Talakawa ya yi alkawari. Kaka ta daina ganin kafar allura, ɗinki kuwa shi ne abincinta. Ni na buga sunayen unguwarmu a manhajar jadawali, yadda na koya a littafi: kowane mutum da layinsa a kwance, suna a ginshiƙin farko, shekaru a na biyu, buƙata a na uku. Muddin layi bai tsinke ba, kwamfuta za ta jera mutum dubu, ta tace, ta ƙirga, kafin shayi ya huce.

Sai Mai Girma Sakatare, Allah ya ƙara masa basira, ya ga ya kamata sunaye su bi haruffa. Ya zaɓi ginshiƙin suna shi kaɗai, ya danna jerawa. Sunaye suka yi ƙaura, shekaru da buƙatu suka zauna inda suke. Takarda ta fito: Kaka, shekara biyu, rigakafi. Jaririn mai wanki, saba'in da takwas, tabarau. Mai nama, da gemunsa, awon ciki.

Na je ofishin Sakatare. Idona a kan takalmansa, na ce gyaran minti ɗaya ne. Ya ce an riga an buga hatimi, kuma kwamfutar da suka yi wa kwas na mako biyu a otal ba ta ƙarya. Na nuna masa Kaka a bakin ƙofa. Ya dubi takarda, ya dubi Kaka.

"Yarinyar ta yi saurin girma," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, to ka goya ni," in ji Kaka. "Ƙafata ciwo take."

Mai wanki ce ta warware mana, muka yi musayar kati. Kaka ta shiga da sunan jariri aka auna idonta aka ba ta tabarau, jariri ya sha allura da sunan Kaka. Yau da safe ta zura zare da kanta, ta ma hango cewa ɗankwalina a karkace yake.

Mai nama kuwa an ce ya dawo ranar Talata, a duba kwanciyar ɗan.