Kanar Guntun Takobi Ya Kwanta Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni, tsohon safiyo mai awon filaye da ya yi ritaya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka daɗe suna leƙe ta taga suna yi mini kallon taɓaɓɓe, rasuwar babban hafsan rundunata, Kanar Guntun Takobi. Ya cika ranar Talata ta makon jiya, da hantsi, a cikin kofin shayi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, sojan dalma ne. Tsayinsa bai wuce babban yatsana ba. Jar riga gare shi, da baƙar hula, da gashin baki murɗaɗɗe. An ƙera shi tun kafin a haifi mahaifina, zamanin da masu sana'a suke jin kunyar fitar da aikin banza. Yayana ne ya tsinto shi a akwatin wani mai gwanjo, ya ba ni ina ɗan shekara goma sha ɗaya, bayan ya zauna a kansa bisa kuskure ya karya masa takobi. Daga nan sunan ya samo asali. Yayan nawa shekara ashirin ke nan da rasuwarsa, kuma ko hotonsa ɗaya ba ni da shi. Wannan karyayyen takobi ne kaɗai aikin hannunsa da ya rage mini, ko da yake ba da hannu ya yi shi ba.

Shekara hamsin da biyu marigayin yana bakin aiki. Kowace Asabar bayan abincin rana nakan shimfiɗa koren mayafi a teburin falo, in jera tuddai na kwali, in ja shuɗin ƙyalle ya zama kogi. Sai mu buɗe littafin tarihi mu zaɓi wani tsohon yaƙi mu sake gwabza shi, muna auna tafiyar dakaru da tef, muna jefa ɗan lido ya raba gardama. A duk tsawon wannan lokaci Kanar bai taɓa ja da baya ba sai in ni na ɗaga shi. Bai taɓa neman hutu ba. Bai taɓa tsoma baki a abin da bai sani ba, halin da ya yi ƙaranci ainun a cikin masu shigowa gidan nan. Magana ɗaya ya iya: in ka dire shi a tebur sai ya ce ƙwas. Wanda ya ji wannan ƙara ya san an ajiye abu mai nauyi, ba irin sojojin robar nan na yanzu da fanka take kora daga fagen fama ba.

Ya faɗo daga tebur sau bakwai ya tashi. Kyanwa ta taɓa tafiya da shi bayan firiji. Ya tsallake tashin gida uku, da yoyon rufi, da tsintsiyar matata. Bai tsallake hannun masana ba.

Rashin lafiyarsa ya faro ne daga aure. Duk rayuwarsa a gwangwanin biskit yake kwana, nannaɗe cikin tsohuwar singileti, lafiya lau. Sai 'yata ta auri wani kafinta. Da ya shekara biyar yana shiga gidan nan yana gaishe ni ina amsawa da hanci, sai ran nan ya ga gwangwanin.

"Baba," ya ce, "ai manyan mutane irin waɗannan bai kamata su zauna a gwangwani ba."

Bayan wata biyu sai ga shi da kabad mai gilashi, yana sheƙi kamar na shagon agogo. Na buɗe, wani tsami ya bugi hancina. Na ce wannan warin fa?

"Ƙamshin sabon katako ne, Baba. Ka ga yadda na haɗa ƙofar? Ko iska ba ta shiga."

Wannan ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa. Sai daga baya na karanta cewa tururin ɗanyen katako da na gam, in suka samu wurin da iska ba ta shiga, cin dalma suke yi. Wata takwas da tarewar rundunar a kabad ɗin, sai na ga wata farar hoda kamar gishiri a takalmin Kanar. Na goge, ta dawo. Ta hau gwiwa, ta hau ƙugu, jar rigar ta fara ɓamɓarewa.

Nan likita ya shigo. Ina nufin Mai Kemis, abokin karawata na shekara talatin, mutumin da ya karanta takardar cikin kwalin magani sau biyu ya ɗauka ya gama jami'a. Ya ɗaga tabarau ya duba majiyyacin na daƙiƙa uku.

"Safiyo, ƙaramin abu ne. Tsatsa ce. Jiƙa shi a ruwan kal na kicin, mai tsamin nan, kwana uku."

Na ce ka tabbata?

"Ni fa da sinadari nake cin abinci."

Ba zan ɓoye ba, tunda takardar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce: da hannuna na tsoma shi a kofin. Tsami ne ya kwantar da shi, muka ƙara masa tsami. Ranar Talata na sa cokali na ɗago shi. Gangar jikin ta taso, kan ya tsaya a ƙasa, ƙafafun sun zama taɓo. Na nemi takobin na rasa. Na tace ruwan da rariyar shayi har sau biyu. Da na kira Mai Kemis na gaya masa, sai ya ce, "Ka tabbata kal ɗin mai kyau ne?"

Marigayin ya bar dakarun ƙasa ɗari biyu da goma sha huɗu, da igwa shida, da mai busa begila guda wanda bai taɓa yin amfani ba. Duk sun koma gwangwaninsu. Sai dai goma sha ɗaya daga ciki suna keɓe, an ga tabo a jikinsu. Ya kuma bar ni. Matata ta yi mini ta'aziyya daidai ƙarfinta. Ta leƙa kofin ta ce, "Sannu, Malam. To yanzu za a ba ni teburina, ko sai sauran sun bi shi?"

Washegari kafintan ya zo gaisuwa da matarsa da jikata 'yar shekara huɗu. Ya durƙusa ya ajiye mini leda. Na buɗe, sojojin roba ne kore shar, irin na bakin titi.

"Guda ɗari ne, Baba. Kuma waɗannan ba sa tsatsa."

Na gaya masa abin da ya sawwaƙa. Na ce katakonsa ko gara sai ta toshe hanci kafin ta ci. Na ce da makara ya zaɓa ya riƙa ƙerawa, da ya yi suna, tunda yana samar da mai shiga. Na ƙara wasu da ba za su shiga takarda ba. Bai ɗago kai ba. 'Yata ce ta miƙe.

"Baba, wata biyu yana wannan kabad bayan ya tashi daga aiki, don kawai ka kalle shi ka ce sannu. In ba ka son ganinsa, mu ma ba za ka gan mu ba."

Ta ja hannun yarinyar suka fita. Yau kwana tara. Ba wai abin ya dame ni ba. Gidan ne dai ya yi shiru fiye da yadda makoki yake buƙata, kuma babu mai tambayata sunan kowane soja sau goma.

Ga tsarin rakiya. Za a yi ta ranar Asabar da ƙarfe huɗu a falo. Ba za a binne shi a bayan gida ba, matata ta ce dalma guba ce, kada a kusanci shukarta. Za a zuba abin da ya rage a kwalin ashana, a ɗora kan kantar littattafai. An yarda Mai Kemis ya halarta, saboda kaf unguwar nan babu wani da ya san dokokin wasan, da sharaɗin kada ya buɗe baki sai don shan shayi. Kabad ɗin an miƙa wa matata ta jera kwanuka, kuma a nan, a faɗi gaskiya, ƙofarsa tana rufuwa da kyau. Ba a karɓar shawara, kuma ba a buƙatar jawabi.

A ƙarshe, ƙafar teburin tana rawa, kuma bai dace a yi wa babban hafsa faretin ban kwana a kan tebur mai ɗingishi ba. In wannan takarda ta kai hannun 'yata, ta gaya wa mijinta ya zo da guduma. Ita kuma ta zo da yarinyar. Sojojin robar na wanke su, suna cikin kwano a ƙasa, daidai inda hannunta zai kai.